Takardar Germantown ta 1688: Nazari Kan Jama'ar da Ta Ƙi Amsa Ƙorafi, Ta Kuma Ƙi Jefar da Shi

A watan Maris na 2005 aka sake gano wata takarda a ɗakin ajiyar kundaye na gidan taron 'yan Kweka, wata ɗariƙar Kirista, da ke titin Arch, a birnin Filadelfiya na Amurka. Falle ɗaya ce, an rubuta gaba da baya, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Gefunanta sun yayyage. Wani ya taɓa ƙoƙarin gyara ta a can baya, ya lilliƙa mata tef a wuraren da ta karye saboda ninki, har tef ɗin ya rufe wasu kalmomi. Tawadar ta koɗe ta koma toka-toka. Tawada ce ta ƙarfe da ƙullutun itacen oak, dangin baƙin nan da dukawa ke haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera, kuma irin wadda kan ci takarda a hankali idan shekaru suka ja.

Wannan ita ce takardar ƙorafi ta farko da wata jama'ar addini ta rubuta a kan bautar da 'yan Afirka a yankunan da Ingila ke mulka a Amurka. Mutum huɗu ne suka sa mata hannu a 1688, a wani ƙauye mai suna Germantown. Shekarunta 317 a lokacin da aka sake gano ta, kuma karo na biyu ke nan da ta ɓace aka same ta.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan abin da takardar ta ce. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne 'yan layukan da ke ƙasan sa hannun mutanen huɗu, waɗanda wasu hannuwa daban suka rubuta. A nan ne tarihin wannan jama'a ya fi fitowa fili, a nan ne kuma za a gane dalilin da ya sa takardar ta rayu.

Mutanen da ba su da limami, sai magatakarda

'Yan Kweka dai ba su ne suka raɗa wa kansu wannan suna ba. Su Abokai suke kiran kansu. Wani alƙali ne a garin Derby ya yi musu laƙabin a 1650, lokacin da George Fox, wanda ya assasa tafiyar, ya ce masa ya yi makyarkyata saboda tsoron maganar Ubangiji. Kalmar na nufin masu karkarwa, sai ta bi su.

Kiristoci ne, amma na farkonsu sun watsar da kusan duk abin da aka san coci da shi. Ba su da fada ko fasto mai albashi, ba sa yin baftisma da ruwa, ba sa rantsuwa a kotu, ba sa ɗaukar makami, ba sa cire hula don girmama sarki ko alƙali. Ibadarsu ita ce a zauna shiru a kan bencina, wanda ya ji an sa masa magana a zuciya, mace ko namiji, ya miƙe ya faɗa ya zauna. Wannan ya jawo musu ɗauri da tara da ƙwace dukiya a Ingila. Dubbai sun shiga kurkuku, ɗaruruwa sun mutu a ciki.

Daga nan rubutu ya zame musu dole. A Ingila ta wancan zamani littafin cocin gwamnati ne shaidar haihuwa da aure da mutuwa. Wanda ya fita daga cocin, ɗansa na iya rasa gado saboda babu takardar da ta nuna an ɗaura wa iyayensa aure. Sai Abokai suka buɗe nasu littattafan. Auren Kweka babu mai ɗaura shi: ango da amarya ne ke miƙewa su faɗi alkawari a gaban jama'a, sannan duk wanda ya halarta ya sa hannu a takardar aure. Wanda zai ƙaura zuwa wani gari sai ya tafi da takardar shaida daga taronsu cewa ba ya guje wa bashi, kuma bai bar alkawarin aure a baya ba. Wanda ya yi laifi ya tuba, a rubuce zai kawo tubansa. Wanda aka sallama daga jama'a, a rubuce. Har wahalhalun da hukuma ta gana musu suna da littafinsu na musamman.

A ƙarshen shekarun 1660 Fox ya tsara tarukan hawa-hawa. Ƙananan jama'o'i na unguwanni suna haɗuwa a taron wata-wata, shi ne mai riƙe da sunayen mambobi da hukunci a kansu. Tarukan wata-wata suna haɗuwa a taron wata uku-uku, su kuma a taron shekara. Maza da mata kowa da zamansa da littafinsa.

Akwai wani abu a tsarin da ya kamata a riƙe, don shi ne mabuɗin wannan lamari. Ba a kaɗa ƙuri'a. Magatakarda na zaune a tebur a gaba yana saurare. Idan ya ga kan jama'a ya haɗu, sai ya rubuta abin da ya fahimta, ya karanta musu a nan take, su amince ko su gyara. Idan kai bai haɗu ba, ba a yanke komai. Sai dai ko rashin yanke hukuncin ma sai an rubuta shi.

Ƙauyen masaƙa

A 1681 Sarki Charles na Biyu ya ba William Penn, wani attajiri ɗan Kweka, ƙasar da ta zama Fensilfeniya. Penn ya yi ta tallata ta a Holan da Jamus a matsayin wurin da ba a tsangwamar kowa saboda addininsa. A watan Agusta na 1683 wani lauya Bajamushe, Francis Daniel Pastorius, ɗan shekara 31, ya iso Filadelfiya a matsayin wakilin wasu masu sayen fili daga Frankfurt. Ranar 6 ga Oktoba jirgin ruwa mai suna Concord ya sauke iyalai goma sha uku daga garin Krefeld, kusa da iyakar Holan. Yawancinsu masaƙan lilin ne, asalinsu 'yan wata ɗariƙar Kirista mai suna Mennonite da suka koma Kweka. Aka yanka musu fili mil shida arewa da birni, suka jera gidaje a gefen hanya ɗaya. Sunan wurin na nufin garin Jamusawa, ko da yake harshen yawancinsu ya fi kusa da na Holan.

Da farko a gidan wani marini mai suna Thones Kunders suke taruwa ibada. A 1686 suka gina ƙaramin ɗakin taro na katako, a 1705 suka gina na dutse. Jama'ar ba ta kai ta zama taron wata-wata mai cin gashin kansa ba, tana ƙarƙashin taron Dublin ne, wata gunduma a kusa da Filadelfiya, ba Dublin ta Ailan ba. Wannan taron ne daga baya ya koma amsa sunan Abington.

Shekara ɗaya da zuwansu, a 1684, wani jirgi mai suna Isabella ya iso Filadelfiya da 'yan Afirka 150 a ɗaure. Mutanen birni suka saye su, kuma yawancin mutanen birnin a lokacin Abokai ne. Penn da kansa yana da bayi a gidan gonarsa na Pennsbury. Masaƙan Krefeld ba su saba da wannan ba. Sun tsallako teku don gudun masu tsananta musu, sai ga 'yan'uwansu na addini suna sayen mutane a bakin tashar jirgi.

Abin da suka rubuta

A gidan Kunders aka rubuta takardar, amma shi mai gidan bai sa hannu ba. Waɗanda suka sa su ne Pastorius, da Garret Hendericks, da 'yan'uwa biyu, Derick da Abraham op den Graeff. Akwai na ukunsu, Herman, wanda sunansa ba ya ciki. Da Turanci suka rubuta, Turancin baƙi, mai ɗauke da karin harshensu. Takardar kanta daga Turai ta zo, don sai a 1690 William Rittenhouse ya kafa masana'antar takarda ta farko a yankunan Ingila na Amurka, a nan gefen Germantown, yana sarrafa tsummokaran lilin da masaƙan suka bari.

Ba su cika ta da ayoyi ba. Hujjarsu guda ce suke juya ta: ka yi wa mutum abin da kake so a yi maka, ba tare da duba zuriyarsa ko asalinsa ko launinsa ba. Suka tambaya, akwai wanda zai so a sayar da shi ya zama bawa iya rayuwarsa? Suka ce a nan ƙasar akwai 'yancin bin addini, kuma daidai ne, to ya kamata a sami 'yancin jiki ma. Suka ce wanda ya saci mutum da wanda ya saya duk ɗaya ne. Suka ce raba miji da mata a sayar wa mutane daban jefa su ne cikin zina, kuma masu gidan ne suka jefa su. Suka ce labarin yana ɓata sunan Fensilfeniya a Holan da Jamus, har mutane na fasa zuwa.

Akwai wani sashe da mai karatu Musulmi zai tsaya a kansa. Suka ce, dubi yadda matafiya a teku kan firgita idan sun hango baƙon jirgi, suna tsoron ko na Turkawa ne, a kama su a sayar da su bayi. Turkawa a bakin Turawan wancan ƙarni na nufin masu kai hari a teku daga Aljiyas da Tunis da Tarabulus da Sale ta Maroko, waɗanda suka kama Turawa da yawa, har da wasu 'yan Kweka. To, in ji marubutan, me ya bambanta abin da muke yi da nasu? Namu ma ya fi muni, tunda muna kiran kanmu Kiristoci. Tsoron Musulmi da ke zukatan masu sauraro suka ɗauka suka juya shi kansu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, su kuwa huɗun nan sun nuna wa jama'arsu tudun da suke tsaye a kai.

Sai kuma tambayar da ta fi kowace zafi ga mutanen da suka haramta wa kansu yaƙi. Idan bayin nan suka haɗa kai suka tashi, suka yi wa iyayen gidansu abin da aka yi musu, shin iyayen gidan za su ɗauki takobi? Kuma ashe bayin ba su da haƙƙin yaƙi don 'yancinsu kamar yadda ku kuke ganin kuna da haƙƙin riƙe su?

Kafin mu wuce, ga wani tarko da masu binciken kundayen Kweka kan faɗa ciki. Takardar na ɗauke da kwanan wata 18 ga wata na biyu, 1688. Abokan wancan zamani ba sa kiran watanni da ranaku da sunayensu, don sun ce sunayen gumaka ne, lamba suke ba su. Kuma kafin 1752 Maris ne watan farko a lissafinsu. Wata na biyu ke nan Afrilu ne. Har yau za ka ga inda aka rubuta 18 ga Fabrairu, saboda wani ya ƙirga daga Janairu.

Hawa uku

Ranar 30 ga wannan watan aka karanta takardar a taron wata-wata na Dublin. John Hart ne ya rubuta amsa a ƙasanta a madadin taron. Ya ce sun duba lamarin, sun ga yana da nauyin da bai dace su tsoma hannu a cikinsa a nan ba, don haka sun miƙa shi ga taron wata uku-uku. Ya ƙara da cewa abin da takardar ke faɗa yana da kusanci da gaskiya.

Ranar 4 ga wata na huɗu, wato Yuni, taron wata uku-uku ya zauna a Filadelfiya. Anthony Morris, wanda daga baya ya zama magajin garin birnin, ya rubuta nasa layukan a ƙasan na Hart: an karanta, abu ne da ya fi ƙarfin wannan taro ya yanke, a kai taron shekara.

A watan Satumba taron shekara ya zauna a Burlington, tsallaken kogin Delaware. Babu sauran wani hawa a wannan gefen teku. Amsarsu tana cikin littafin zaman taron: wasu Abokai Jamusawa sun kawo takarda kan halasci ko haramcin saye da riƙe baƙaƙen fata, an ga bai dace taron ya yanke hukunci kai tsaye ba saboda lamarin ya shafi wurare da yawa, don haka a yanzu an dakata.

Babu taron da ya ce masaƙan sun yi kuskure. Babu wanda ya kawo hujjar halasci, alhali takardar ta nemi a kawo in akwai. Kowa ya ce da nauyi, ya tura wa na gaba, na ƙarshe ya ajiye.

Wuraren da yawa da ake nufi ba ɓoyayyu ba ne. Akwai Abokai masu gonakin rake da bayi a Barbados, akwai a Maryland da Virginia da Rhode Island, kuma fataken Filadelfiya da Barbados suke ciniki. Fox ya je Barbados a 1671, ya yi wa masu bayi nasiha su kyautata musu, su 'yanta su bayan wasu shekaru, amma bai haramta ba. Masaniyar tarihi Jean Soderlund ta bi wasiyyoyi da takardun rabon gado na shugabannin taron shekara, ta gano cewa tsakanin 1681 da 1705 kimanin bakwai cikin goma na waɗanda aka samu bayaninsu suna da bayi. Su ne ke zaune a bencin gaba ranar da aka karanta ƙorafin wasu baƙi talakawa masu gurguwar Turanci. A tsarin da ba a yanke hukunci sai kai ya haɗu, dattijo ɗaya mai faɗa a ji ya isa ya tsayar da magana shekara da shekaru.

A ganina kalmar nauyi da suka yi ta maimaitawa gaskiya ce kuma mafaka ce a lokaci guda. Amma ɗabi'ar da ta sa suka kasa yanke hukunci, ita ce ta hana su yaga takardar. Abu ne da ya shigo gaban taro ta hanyar da ta dace, an karanta, an sa masa hannu, ya zama na taro. Hart da Morris sun bar shaida a kan kansu da hannunsu.

Shekara 88

Masu sa hannun ba su daɗe a inuwa ɗaya ba. A 1691 da 1692 rikicin wani mai wa'azinsu, George Keith, ya raba Abokan Fensilfeniya a kan aƙida da shugabanci. Abraham op den Graeff ya bi Keith, ɗan'uwansa Derick da Pastorius suka tsaya a ɗaya ɓangaren. John Hart ma ya bi Keith, daga baya ya zama ɗan Baptis. Mabiya Keith sun buga nasu gargaɗin kan bauta a 1693, wanda ya sa maganar ta ɗauki warin 'yan tawaye na ɗan lokaci.

A 1696 taron shekara ya ba da shawarar a daina ƙarfafa shigo da ƙarin bayi. Shawara ce, babu hukunci ga wanda ya ƙi ji. Abokan yankin Chester suka yi ta kawo ƙorafi daga 1711, ana ta ba su haƙuri.

Sai Benjamin Lay ya zo. Ɗan Kweka ne, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Ingila, gajere ƙwarai, tsawonsa kimanin ƙafa huɗu, mai ƙusumbi. Ya zauna a Barbados ya ga abin da ake yi wa bayi da idonsa. Ya iso Filadelfiya a 1732, daga baya ya koma Abington, taron da aka fara kai takardar 1688. Ya daina cin duk abin da bawa ya noma, yana saƙa tufafinsa da kansa, yana zaune a wani kogo da ya gyara. A watan Satumba na 1738 ya shiga taron shekara a Burlington, garin da aka ajiye maganar shekara hamsin da suka wuce, sanye da babbar riga. Da ya miƙe ya jefar da ita, sai ga kayan soja da takobi a ƙasa. A hannunsa akwai littafi da ya rarake cikinsa ya ɓoye mafitsarar dabba cike da jan ruwan 'ya'yan wani tsiro. Ya ce haka Allah zai zubar da jinin masu bautar da 'yan'uwansu, ya soka takobin a littafin, jan ruwan ya fantsama a kan na kusa. Aka ciccibe shi aka fitar waje. A wannan shekarar aka raba shi da jama'a, aka kuma sanar a jarida cewa littafin da Benjamin Franklin ya buga masa ba da yawunsu ba ne.

Abin da takobin Lay bai yi ba, haƙurin wasu Abokai biyu masu adawa da bauta, John Woolman da Anthony Benezet, da sauyin zamani suka ƙarasa. Benezet ya taɓa koyarwa a Germantown. A 1754 taron shekara ya fitar da wasiƙar da ta kira bauta saɓo. A 1758 aka hana masu saye da sayar da bayi shiga zaman yanke shawara, aka naɗa kwamitin da zai bi gida-gida yana roƙon masu bayi. Lay ya ji labarin kafin ya mutu a 1759, aka binne shi a maƙabartar Abington ba tare da alama ba. A 1776 aka yanke cewa duk wanda ya ƙi 'yanta bayinsa za a sallame shi. Daga ƙorafin masaƙa zuwa wannan hukunci, shekara 88. Germantown kanta ba ta kuɓuta ba a wannan tsakani, manyan gidajen da attajirai suka gina a yankin, irin su Stenton na James Logan, sakataren Penn, da bayi aka riƙe su.

Yadda kundaye suka rabu gida biyu

A duk wannan gwagwarmaya takardar 1688 na kwance cikin tarin takardun taro, ba ta cikin muhawarar. Kafin a tono ta ma sai da wata girgizar ta auku. A 1827 taron shekara na Filadelfiya ya dare biyu, tsakanin masu bin ra'ayin wani mai wa'azi, Elias Hicks, da waɗanda suka kira kansu masu riƙe da sahihiyar aƙida. Kowane ɓangare ya ce shi ne taron na asali, ya sallami ɗayan a rubuce. Aka yi rigima a kan gidajen taro da maƙabartu da kuɗin makarantu, har kotu. Littattafan zama kuwa sau da yawa sun bi ɓangaren da magatakarda ya bi, don a hannunsa suke. Ɗaya ɓangaren sai ya buɗe sabon littafi, ko ya kwafi tsohon in ya samu aro.

A Germantown masu sahihiyar aƙida suka riƙe tsohon wurin, inda suka buɗe makaranta a 1845, suka kuma gina ɗakin taron da ke titin Coulter a 1869. Mabiya Hicks suka gina nasu a titin School House, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. Ko wajen ilimi an rabu: kwalejin Haverford, wadda aka kafa a 1833, ta ɓangaren farko ce, Swarthmore ta 1864 ta ɗayan. Sai a 1955 tarukan shekara biyun suka sake haɗewa. Shi ya sa mai neman kakansa a kundayen yankin tsakanin waɗannan shekaru dole ya fara sanin ɓangaren da iyalin suka bi. Zai iya ganin an sallami mutum a littafi ɗaya, a ɗayan kuma shi ne dattijon taro.

A 1844 wani ɗan Kweka mai sha'awar tsofaffin takardu, Nathan Kite, ya ci karo da takardar, aka buga ta a mujallar Abokai. Lokacin ya dace da ita, don rikicin bauta na ƙara zafi a Amurka. Nan da nan kowa ya so ta zama tasa. Abokai suka nuna ta a matsayin shaidar cewa su ne na farko, ba kasafai ake karanta layukan ƙasa da ƙarfi ba. 'Yan Mennonite suka ce ai masu sa hannun jininsu ne, kuma teburin da ake cewa a kansa aka rubuta ta yana tsohon ɗakin ibadarsu na Germantown a yau. Amurkawa 'yan asalin Jamus suka mai da Pastorius gwarzonsu, suka gina masa abin tunawa a lambun Vernon, wanda ƙiyayyar Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta jinkirta buɗe shi zuwa 1920. Ana ta kwafar kalmomin daga bugu zuwa bugu, ita kuwa ainihin takardar ta sake shigewa cikin tarin ajiya, aka rasa inda take sai 2005.

Wannan karon an kai ta wata cibiyar gyaran tsofaffin takardu a Filadelfiya. Aka ɓare tef ɗin da tsohon danƙo a hankali, aka wanke ta don rage tsamin da ke cin ta, aka cike yagewar da siririyar takardar Japan da aka rina ta dace da launinta, aka ɗauki hotonta, aka rufe ta tsakanin fallaye biyu na roba mai gani-har-hanji. Yanzu tana ɗakin ajiya na Haverford, wanda shi da na Swarthmore suke riƙe da kundayen taron shekara na Filadelfiya tare. Hotonta na intanet, mutum na iya buɗewa ya ga inda rubutun masu ƙorafi ya ƙare, na Hart ya fara.

A Nuwamban 2017 taron Abington ya rubuta sabon bayani a littafinsa, ya amince cewa Benjamin Lay abokin gaskiya ne kuma yana tare da ruhin taron. Tsohon hukuncin na 1738 na nan a inda yake, ba a goge ba, sabon ne aka ƙara a gaba.

Mutanen da aka yi duk wannan rubutu a kansu kuwa, takardar 1688 ba ta ambaci sunan ko ɗaya ba. Ɗari da hamsin ɗin jirgin Isabella lamba ce kawai. Sunaye sun fi fitowa ne a takardun 'yantawa da tarukan wata-wata suka tattara a shekarun 1770, inda mai gida ke rubuta cewa ya saki wane ko wance, yawanci suna ɗaya ba na uba, wani lokaci da shekaru, da sa hannun shaidu biyu. Haverford ta sa hotunan irin waɗannan takardu a intanet don zuriyarsu su bincika. Sai a 1796 taron shekara ya yarda a karɓi mamba ba tare da duba launi ba, kuma kaɗan ne suka shiga. A shekarun 1830 wata malamar makaranta baƙar fata, Sarah Mapps Douglass, ta rubuta cewa ita da mahaifiyarta in sun je ibada ana nuna musu wani benci da aka keɓe wa baƙaƙe a baya, a tsare gefensa don kada farare su zauna. Gidan taron da take magana a kai shi ne na titin Arch.